Filin Tambaya da Amsa: An Ɗaga Mu Zuwa Wata Jiha, a Wace Unguwa Za Mu Sauke Kaya?

Wasiƙun wannan makon duk a kan ƙaura suka zo. Mun miƙa su ga masu harkar gidaje da tsara birane da ke taya mu amsa tambayoyi a wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi mini canjin wurin aiki zuwa wata jihar da ban taɓa zama ba, an ba ni mako shida in kama aiki. Ina da mata da yara uku. An turo mini hotunan gidaje biyu. Ɗaya ƙarami ne mai ɗaki biyu kusa da ofis, hayarsa da nauyi. Ɗayan yana bayan gari, ɗaki huɗu da tsakar gida mai faɗi, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Raina ya fi kwantawa da na bayan gari. Me kuka gani? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka ƙirga ɗakuna, ƙirga mintuna. Ɗauki takarda ka rubuta wuraren da iyalinka za su riƙa zuwa kullum ko kusan kullum: ofishinka, makarantar yara, wurin aikin uwargida idan tana fita, kasuwa, asibiti. Waɗannan ne za su zaɓa maka unguwa, gidan kuma daga baya yake zuwa.

A ce na bayan garin ya ƙara maka minti 40 a zuwa, 40 a dawowa. Minti 80 ke nan a rana. A kwana biyar na mako, cikin mako 48 na aiki, ya tashi awa 320 a shekara, daidai da cikakkun ranakun aiki 40 masu awa takwas-takwas da za ka ƙarar a kan hanya. A shekarar 1994 wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya nuna cewa tun zamanin tafiyar ƙafa har zuwan mota, mutane sun fi sabawa da kimanin awa ɗaya a rana wajen zuwa aiki da dawowa. Wanda ya zarce haka da yawa yakan jure na ɗan lokaci, daga nan sai gajiya ta fara nunawa a gida: ya fita yara na barci, ya dawo sun yi barci.

Kada kuma ka yarda da "ai minti ashirin ne" daga bakin dillali. Minti ashirin ɗinsa na ranar hutu ne da tsakar rana. Google Maps na ba ka damar sa lokacin tashi, don haka sa ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, ka sake sa ƙarfe biyar na yamma. Wanda ya fi wannan shi ne ka je da kanka, ka bi hanyar a waɗannan lokutan da irin abin hawan da za ka riƙa shiga. Ka lura ko hanya ɗaya ce tak ta shiga unguwar. Idan gada guda ko mahaɗa guda ce ke ɗauke da kowa, duk ranar da babbar mota ta lalace a wurin, unguwar ta kulle.

Sai batun kuɗi. Akwai ma'aunin da aka saba ji, cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da ke shigowa gida. Asalinsa dokar gidajen gwamnati ce ta Amurka, wadda ta sa kashi 25 a 1969, aka ɗaga shi zuwa 30 a 1981. Gurgun ma'auni ne idan aka bar shi shi kaɗai, don bai san da kuɗin mota ba. Shi ya sa wata cibiyar nazarin birane a birnin Shikago na Amurka ta haɗa biyun, ta ce haya da sufuri tare kada su haura kashi 45. Yi wa kowane gida wannan lissafi: haya, mai ko kuɗin mota na kowa a gidan, gyaran mota, kai yara makaranta da ɗauko su, ruwa idan saye za a yi, wuta. Sau da yawa idan aka tara, ratar da ke tsakanin gidajen biyu takan tsuke, wani lokaci ma ta juye.

Shawararmu, kada ka ɗaure kanka da doguwar yarjejeniya a garin da ba ka sani ba. Nemi mafi gajartar wa'adin da mai gida zai yarda da shi, ko ka riga iyali tafiya da mako biyu ka sauka a masauki ka zaga. Idan dole sai ka zaɓa daga nesa, ɗauki na kusa da aiki. Matsin ɗaki na 'yan watanni ya fi sauƙin gyara a kan nisan da ka riga ka biya kuɗinsa.

Tambaya: Yarana biyu suna firamare, babbar tana ajin ƙarshe na sakandare, ga shi za mu tashi a tsakiyar zango. Gida za mu fara nema ko makaranta? Daga wata uwa.

Amsa: Makaranta, 'yar'uwa, kuma tun yau. A wurare da yawa makarantun gwamnati suna ɗaukar yara ne bisa adireshin gida, don haka titi ɗaya na iya raba ki da makarantar da kike so. Masu zaman kansu kuma wani aji yakan cika. Ki kira makarantu biyu ko uku ki tambaya a fili: akwai gurbi a aji kaza? Kuna karɓar yaro a tsakiyar zango? Waɗanne takardu kuke so? Kafin ki bar tsohuwar makaranta ki karɓi takardar canjin makaranta, sakamakon zangunan baya, da katin rigakafin ƙananan. Nemansu bayan an yi nisa wahala ce. Jiha da jiha sukan bambanta a ranar komawa hutu da littattafan da ake amfani da su, kada ki sayi komai sai kin ga jerin sabuwar makarantar.

Ƙaramin yaro yakan ci kilomita ɗaya cikin minti 15 zuwa 20. Idan da ƙafa za su riƙa tafiya, ki bi hanyar da su sau ɗaya, ki ƙirga manyan titunan da za su tsallaka.

Babbar ita ce abin dubawa. Idan an riga an yi mata rajistar jarrabawar fita a makarantarta, sauya cibiya ba ƙaramin aiki ba ne, wani lokaci ma ba ya yiwuwa. Ki fara jin ta bakin shugaban makarantar. In akwai amintaccen hannun da za ta zauna har ta gama, wannan ya fi a tumɓuke ta saura 'yan watanni.

Tambaya: Kwana ɗaya kacal zan samu in je in duba gidajen da aka nuna mini. Me zan duba wanda hoto ba ya nunawa? Daga wani ma'aikaci.

Amsa: Malam, fara da ƙasa kafin ka ɗaga kai. Tsaya a bakin ƙofa ka dubi titi: idan daɓen gidan ya yi ƙasa da titi, ruwan sama gidanka zai nufa. Duba gindin katanga ta waje da ta maƙwabta. Layin laka a kwance, tsayi ɗaya a gidaje da yawa, shaidar ambaliya ce. A cikin ɗaki, fentin da ya kumbura daga ƙasa zuwa gwiwa, ko wani farin gari kamar gishiri da ke fitowa a jikin bango, alamar danshi ne ke hawowa daga tushe. Sabon fenti a rabin bango na ƙasa kawai ya isa ka yi tambaya. Buɗe kabad ɗin kicin ka sunsuna, warin rima ba ya ɓuya. Google Earth na da tsofaffin hotunan sama na shekarun baya, a nan za ka ga ko unguwar fadama ce aka cike.

Ruwan sha kuwa, kada ka tsaya a "akwai ruwa". Kunna famfon banɗaki mafi nisa ko na saman bene, ka tara bokiti mai lita 20. Ya cika cikin minti biyu, ƙarfin ruwa da kyau. Ya haura minti biyar, akwai matsala a bututu ko a tsayin tanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya na buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Gida mai mutum biyar ke nan lita 250 zuwa 500, tanki mai lita 1,000 kuma kwana biyu zuwa huɗu zai kai ku idan ruwa ya ɗauke. Tambayi gida nawa ke shan tankin. Idan rijiya ce ko burtsatse, auna tazararta da ramin masai, har da na maƙwabta. Masu aikin tsaftar ruwa mita 30 suke nema, kuma ramin ya kasance a gangare, ba sama da rijiyar ba.

Tafi da cajar waya ka gwada kowane soket. Dubi mitar wuta ka tabbatar ta gidan ce ita kaɗai, ba bashin wanda ya tashi a kanta. Yi kira daga ɗakin da ya fi ƙurewa ka ga ko sabis na kamawa. Idan ana amfani da janareta a wurin, dubi inda naka da na maƙwabci za su zauna: hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce aƙalla mita shida daga taga da ƙofa, saboda iskar da ke fita daga hayaƙinsa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Mai yaro mai asma ya guji bakin babban titi. Wani babban nazari da aka fitar a 2010 ya nuna hayaƙin motoci ya fi yin illa a cikin mita 300 zuwa 500 daga babbar hanya.

Ka raba ranar taka gida uku: safe, la'asar, da bayan duhu ya shiga. Da dare ne za ka ji ƙarar da rana ta ɓoye, ka ga ko fitilun titi na aiki, ko mata da yara na fitowa a sake. Yi hira da mutum biyu da ba dillali ne ya haɗa ku ba. Tambayar da ta fi tono gaskiya ita ce: wanda ya tashi daga gidan nan, me ya tashe shi, kuma wata nawa ya yi?

Tambaya: Wani dillali da na samu a intanet ya ce in tura rabin kuɗi ya riƙe mini gida, wai mutane sun yi layi. In tura? Daga wani dattijo mai shirin komawa kusa da 'ya'yansa.

Amsa: Kada ka tura, Baba. Matsa wa mutum da "ana rububi" tsohuwar dabarar 'yan damfara ce, hotunan ma sau da yawa daga tallan wani gidan aka kwafo su. Tura ɗaya daga cikin 'ya'yanka ya shiga gidan da ƙafarsa, ya ga mai gidan ido da ido ko wakilinsa mai takardar wakilci, ya gwada sunan da ke takardar mallaka da sunan asusun da za a biya. A rubuta yarjejeniya da ta faɗi ranar shiga, wa'adi, kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi, da wanda gyara ke wuyansa. A biya ta banki, a karɓi rasit da makulli rana ɗaya. Tunda kuma shekaru sun ja, a nema maka gidan da ba bene ba, marar matakala, a kuma auna minti nawa ne daga ƙofarsa zuwa asibitin da ke karɓar marasa lafiya cikin dare.