Re: Ta yaya za a sa iyaye talakawa su yi wa yara rajistar CSU, wato shirin kiwon lafiya ga kowa na Kamaru?

Malam, ka ce a unguwarku a Marwa mutane ba sa fitowa. Wallahi da yawa ba su san tun 2023 gwamnatin Kamaru ta fara CSU ba, yaro kasa da shekara 5 kyauta ake duba shi a asibitin gwamnati, maganin zazzabin cizon sauro ma haka, amma uwa tana gida tana jika sassake don tsoron kudi. Sanarwa da Faransanci kuwa bata lokaci ce. Ku sami Jauro da liman su fada da Hausa da Fulatanci bayan Juma'a, masu rajista su zauna ranar awo da rigakafi tunda dama matan suna zuwa da goyonsu. Kuma kar a manta da mazan, in maigida bai yarda ba ai ba ta fita.