Me ya sa kibiyar sama ta daina dawo da umarni a GDB?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon yaren C, kuma da GDB nake farautar kurakurai. Tunda na kunna TUI, wato yanayin GDB mai raba allo zuwa tagogi, don in riƙa ganin kod ɗina, kibiyar sama ta daina dawo min da umarnin da na rubuta a baya, sai dai kod ɗin ya riƙa hawa da sauka. Lalacewa ya yi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Lafiyarsa ƙalau, haka aka gina shi.

Idan ka rubuta tui enable ko layout src, GDB yana raba allo biyu, tagar kod a sama, tagar umarni a ƙasa. Haruffan da ka buga kullum tagar umarni suke faɗawa. Amma kibiyoyi huɗun nan da PgUp da PgDn taga ɗaya kaɗai suke yi wa aiki, wadda ragama ke hannunta, kuma da ka shiga TUI tagar kod ce ke karɓar ragamar. Shi ya sa kibiyar hagu da ta dama ma ba sa motsa ka cikin layin da kake rubutu, kod ɗin suke turawa gefe.

Kana iya rubuta focus cmd, kibiyoyin su koma aikinsu na da, focus src kuma ya mayar da su sama. Ctrl-x sannan o yana zagaya ragamar daga taga zuwa taga ba sai ka rubuta komai ba.

Ni dai ba wannan nake ba ɗalibi shawara ba. Amfanin TUI ai shi ne ka leƙa abin da ke sama da ƙasan layin da shirinka ya tsaya, to in ka miƙa wa tagar umarni kibiyoyin ka rasa rabin abin da ya kawo ka. Bar ragama a tagar kod, ka saba wa yatsunka da maɓallan readline, wato tsarin da ke kula da layin da kake rubuta umarni: Ctrl-p umarnin baya, Ctrl-n na gaba, Ctrl-b da Ctrl-f hagu da dama, Ctrl-a farkon layi, Ctrl-e ƙarshensa. Waɗannan ba ruwansu da inda ragama take, kuma su ne dai ke aiki a bash, manhajar karɓar umarni ta Linux, don haka koyonsu ba ya tashi a banza. Ka tuna kuma, danna Enter a kan layin da ba komai yana maimaita next ko step ɗin da ka yi na ƙarshe.

Wani abin da zai ci maka tuwo a ƙwarya nan gaba shi ne printf, wanda shirin C ke rubutu a allo da shi. Shirinka da TUI allo ɗaya suke rubutu, sai ka ga layuka sun hau juna. Ctrl-L zai sake zana allon.

In hannunka ya faɗa, gwada Ctrl-x sannan s. A nan harafi ɗaya ya wadatar ba tare da Enter ba: n shi ne next, s shi ne step, c shi ne continue, f kuma finish. Da q ake fita daga wannan yanayin, TUI ɗin gaba ɗaya kuma da Ctrl-x sannan a.