Tambaya da Amsa: Shin zan iya goge hotunan RAW bayan na shigar da su Lightroom?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Agege. Tun da na koma ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, hankalina bai kwanta ba, domin biki ɗaya, daga kamu zuwa ɗaurin aure da liyafa, nakan dawo da hoto kusan 1,500, in kwashe makonni ina gyara, dangin amarya kuma suna ta bugo waya. Ga faifan ajiyata ya kusa cika. Wani abokin sana'a ya ce in riƙa goge ɗanyun hotunan da zarar na shigar da su manhajar gyaran hoto ta Lightroom Classic, tunda manhajar ta riga ta adana su, kuma tana yin ajiyar ko-ta-kwana duk mako. Wane tsari zan bi in yi sauri ba tare da na yi asarar aikin mutane ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, ina roƙonka kada ka goge ko hoto ɗaya bisa wannan shawara, kuma zan yi maka bayanin dalili. Bari in fara da batun jinkiri, domin maganinsa ya fi sauƙi.

Abin da ke cinye maka makonni shi ne kana haɗa zaɓe da gyara a zama ɗaya. Idan ka dawo daga biki, ka kwafe katin kyamara zuwa folda mai ɗauke da shekara da wata da rana da sunan bikin, sannan ka bi hotunan da sauri a cikin Lightroom da maɓalli biyu kacal, P ga wanda ka zaɓa da X ga wanda ka ƙi, ba tare da ka taɓa haske ko launi ba. Wanda ido ya rufe a ciki, da wanda bai fita tas ba, da guda takwas daga cikin goman da ka ɗauka a jere lokacin da ango yake gaisawa da waliyyin amarya, duk su fita tun a nan. Bayan haka ka kasa sauran gwargwadon hasken wurin: na ƙofar masallaci cikin ranar tsaka daban, na ɗakin amarya daban, na ɗakin taro mai fitilu shuɗaye da jajaye daban. A kowane kashi ka gyara hoto ɗaya da kyau, ka fara da gyaran madubin kyamara, sai daidaita fari, sai yawan haske, sai ka sauke wuraren da suka yi ƙyalli ka ɗaga inuwa, daga nan ka kwafa gyaran zuwa 'yan'uwansa ka bi su da ɗan taɓi. Shafar fuska da sauran aikin ƙawa a ƙarshe suke zuwa, kuma ga hotunan da za su shiga albam kaɗai.

Ɗanyen hoto yana ɗauke da mataki 4,096 ko 16,384 na haske a kowane launi, JPEG kuwa, wato hoton yau da kullum da kyamara ta riga ta sarrafa, 256 ne, shi ya sa kake iya dawo da aikin zare a wuyan farar shadda da ya so ya ɓace. Amma wurin da ya ƙone ƙurmus tun a kyamara ba ya dawowa. Ina kuma jan kunnenka game da shiryayyun launukan da ake tallatawa a Instagram, waɗanda suke kwashe wa fatarmu jininta su bar amarya fari fat. Ka daidaita fata da idonka ka bar mutum da kamanninsa. Wajen fitar da hoton da ka gama gyarawa ka zaɓi tsarin launi na sRGB, kuma idan ta WhatsApp za ka tura, ka tura a matsayin takarda don kada manhajar ta matse hoton.

Yanzu sai shawarar abokinka, wadda kusan kullum sai na ji irinta daga bakin matasan da ke wannan sana'a a Legas. Lightroom Classic ba ya haɗiye hotunanka. Abin da yake riƙewa shi ne katalog, wato kundin da ke rubuta inda kowane hoto yake a faifai da irin gyaran da ka yi masa, tare da ƙananan hotuna na dubawa. Misalinsa littafin mai sito ne a kasuwar Mile 12: an rubuta buhu nawa ne da layin da aka jera su, amma idan aka kwashe buhunan, littafin ba zai ba ka ko mudu ɗaya ba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, bayan sun goge foldar, sukan buɗe manhajar su ga hotunan a jere kamar babu abin da ya faru, sai su ce ai ga su nan. Ka duba da kyau za ka ga ƙaramar alamar motsin rai a kusurwar kowane hoto da alamar tambaya a kan foldar, kuma ranar da uwar amarya ta nemi a buga mata babban hoto na bango, a ranar manhajar za ta shaida maka ba ta ga fayil ɗin ba.

Ajiyar mako-mako da abokinka yake magana a kai ta fi ruɗarwa. Katalog ɗin kaɗai take kwafewa, babu ɗanyen hoto ko ɗaya a ciki, kuma idan ba ka canja mata wuri ba, a gefen katalog ɗin take zama, a faifai guda, ta yadda idan faifan ya mutu za su tafi tare. Akwai wata manhajar Adobe mai suna Lightroom kawai, wadda take ɗora hotunan asali a intanet, kuma ina zaton daga nan ruɗanin ya samo asali, amma ba ita kake amfani da ita ba, kuma ɗora gigabait 40 na biki ɗaya da datar waya ba ƙaramin aiki ba ne.

Raina yana ɓaci matuƙa da masu cewa ko an goge akwai wani yaro da zai dawo da komai. Wani lokaci akan dace a katin kyamara da manhaja irin PhotoRec, wadda kyauta ce, muddin ba a sake ɗaukar komai a katin ba. Amma a faifan SSD da ke cikin yawancin sababbin kwamfutoci, abin da aka goge yakan share gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, kuma wanda ya karɓi kuɗinka ya yi maka alkawarin dawo da shi tun bai duba ba, cin amana yake shirin yi. Haka nan masu sayar da jabun kati da ke nuna gigabait 128 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana cika sai ya riƙa lalata abin da aka zuba masa ba tare da gargaɗi ba. Ko a Computer Village da ke Ikeja ka saya ko a intanet, ka gwada kowane sabon kati da manhajar gwaji ta H2testw kafin ka je da shi biki.

Ka tuna hoton ɗaurin aure amana ce a hannunka. Ba a sake ɗaura auren don kyamararka, kuma a cikin taron akwai dattawan da suka taso tun daga Kano ko Sakkwato, waɗanda wataƙila wannan ne hotonsu na ƙarshe da jikokinsu. Saboda haka ka riƙe kwafi uku na ɗanyun hotunan da katalog ɗin, a na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wajen shagonka, ko da gidan ɗan'uwanka ne a Idi-Araba, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafi, da laimar damina, da ɓarawo, duk suna iya cinye faifai biyun da ke kan teburi ɗaya. Kada ka yi wa kati fomatin, wato share shi gaba ɗaya, sai ka buɗe kwafi biyu ka tabbatar suna aiki.

Idan wuri ne ya yi maka kaɗan, hotunan da ka sa wa X su ne za ka goge, bayan ka miƙa aiki an karɓa. Tsofaffin bukukuwa kuma ka mayar da su sabon faifai ta hanyar jan foldar daga cikin Lightroom ɗin kansa, bayan ka tabbatar da kwafinsu na biyu, don katalog ya san inda suka koma. Kuɗin faifan ka sanya shi cikin farashin da kake faɗa wa masu biki tun daga ranar ciniki.