Takarduna sun ɓace a kile, kwamfutar kuma sai zafi take: in formate ta?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne nan Maradi, ina rubuta memuwar ɗina, wato kundin kammala karatu. Na kai kile USB wajen masu imprime, da na dawo gida na saka sai na ga duk dosiyoyina sun koma wasu abubuwa masu 'yar kibiya a gindi, in na danna ba abin da ke buɗewa. Kuma kwamfutar ta hannu ce, ta yi nauyi, tana zafi har ta mutu da kanta. An ce in formate duka, wato in goge komai. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka formate komai tukuna, don Allah. Takardunka na nan cikin kile ɗin, ɓoye su aka yi ba gogewa ba. Wannan birus ɗin rakursi ne (rakursi shi ne sunan masu 'yar kibiyar nan), ya cika wuraren imprime da sibar saboda kwamfuta ɗaya ce kile ɗin kowa ke shiga tun safe har dare. Aikinshi shi ne ya ɓoye dosiyoyinka na gaskiya ya ajiye masu kibiyar nan da sunansu, kai kuma da ka danna ɗaya shi kenan ka tayar da shi ya shige kwamfutarka, daga nan duk kile ɗin da aka saka sai ya ɗauka. To ka daina dannawa.

Fara da wanke kwamfutar. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender, ka samu intanet ya sabunta sannan ka sa shi bincike cikakke da kile ɗin a jiki, zai ɗau lokaci, ka bar shi. Bayan nan ka duba harafin da aka ba kile ɗin, mu ce E. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd, Entrée. Baƙin allo zai fito, kar ka tsorata. Rubuta E: ka danna Entrée, sannan ka rubuta attrib -h -r -s /s /d ka sake dannawa, ka kula da tazarar da ke tsakaninsu don nan mutane ke kuskure. Ka ɗan jira, koma cikin kile ɗin za ka ga kayanka sun fito, wani lokaci cikin wani dosiye marar suna suke taruwa. Kwashe su zuwa kwamfuta, sai yanzu ne za ka iya formate kile ɗin kaɗai.

Gaba kuma in za ka imprime, maida aikin PDF ka tura musu ta WhatsApp ko imel, kile ɗinka ya zauna aljihu. PDF ma ya fi, shafuka ba su wargajewa. Kuma memuwar guda a wuri ɗaya wallahi ganganci ne, Google Drive giga 15 yake bayarwa kyauta.

Batun zafi kuwa, ai kai ma ka san Maradi a watan Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankar ciki. Na sha buɗe irin waɗannan in tarar da ƙura ta dunƙule bakin fanka kamar auduga, iska ba ta da hanyar fita, shi ya sa take kashe kanta don kar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya ƙone. Kar ka ƙara ɗora ta kan katifa ko darduma, ƙofofin iskar a ƙasa suke. Tebur ko faranti, ka ɗan ɗaga bayanta. Ka kai wa mai gyara ya buɗe ya share, ya canza man nan da ake shafa wa furosesa, amma ka tsaya kanshi ka ce shara da canjin man kawai ka zo.

Nauyin kuma danna Ctrl, Shift da Échap, shiga sashen Démarrage ka kashe manhajojin da ke tashi tare da ita ba ka gayyace su ba. In antibirus biyu gare ka cire ɗaya, faɗa suke yi da juna. In har faifan ciki tsohon mai juyawa ne, ranar da ka samu kuɗi ka sa SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya marar juyawa mai sauri, a ganina ya fi duk wata manhajar "gyaran sauri" da ake tallatawa. Amma ka bari sai ka kare memuwar, kuma ka kwafe komai waje kafin mai gyara ya taɓa faifan.