Shin Tarihin Aikin Soja Ya Isa Hujjar Zaɓen Janar Mai Ritaya?

Malam, ka tambaya ko bajintar da janar ya nuna a fagen daga ta isa a ba shi ƙuri'a bayan ya tuɓe kaki ya shiga siyasa. A ganina ba ta isa ba, kuma takarar Janar Muhammadu Buhari a 2015 ta nuna dalili.

Magoya bayansa sun riƙa tuna wa jama'a shekarar 1983, lokacin da yake kwamandan runduna ta uku a Jos, ya fatattaki sojojin Chadi daga tsibiran Tafkin Chadi har ya kutsa cikin ƙasarsu. Labarin ya ratsa zukata, domin a 2014 Boko Haram ta ƙwace garuruwa irin su Gwoza da Bama. Sai dai ma'aunin da ya fi dacewa shi ne yadda ya riƙe iko bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, saboda a nan ne ya mulki farar hula, ba kuratan da ke sara masa ba. Dokar Soja Mai Lamba 4 ta 1984, wadda gwamnatinsa ta kafa don taƙaita 'yancin 'yan jarida, ta jefa 'yan jaridar The Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a kurkuku, yayin da shirin gwamnatin na yaƙi da rashin ɗa'a ya koya wa mutane bin layi a tashar mota, sau da yawa soja na tsaye da bulala.

Ko a kan bajintar ta Chadi ma akwai magana, domin an daɗe ana cewa kutsawar ta zarce abin da gwamnatin Shagari ta amince da shi.