An canza min birki, yanzu ƙafar mota sai zafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka. Corolla gare ni, satin da ya wuce aka sa min sabon pad a gaba, tun ranar in na ɗan yi tafiya sai ƙafar ɓangaren direba ta ɗau zafi har rim ɗin ba ya taɓuwa, ga ƙauri, motar kuma tana ja gefe ɗaya. Bakanike ya ce wai sabon pad ne, zai zauna. In ci gaba da hawa?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, ajiye ta tukuna. Gaskiya ne sabon pad yana ɗan ƙauri kwanakin farko, amma in hakan ne ai ƙafafun biyu za su yi tare, tunda ɗaya ce kawai toh birkinta ne yake riƙewa ba ya saki. Kuma abin ba na wasa ba ne, man birki DOT 3 ko sabo ne yana tafasa a wajen digiri 205, wanda ya tsufa ya sha ruwa kuwa ba ya ma kai nan, in ya tafasa sai ka taka birki ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa.

Kafin a saya maka komai, ka tsaya a yi wannan gwajin a gabanka. A ɗaga motar da jak, a taka birki a saki, a juya tayar da hannu. In ta ƙi juyawa, a ɗan kwance nipul ɗin da ake bilidin, wato ɗan ƙusar da ake fitar da iska daga birki ta wajensa. Idan mai ya yi tsartuwa tayar kuma ta saki nan take, matsalar ta hanyar mai ce, kuma galibi tiyon roba ne ya lalace ta ciki, mai yana zuwa amma ba ya komawa, daga waje kuwa lafiya lau za ka gan shi. Yawanci wajen aiki ake jawo haka, a bar kalifa, wato ƙarfen da yake matse pad a jikin diski, tana reto a jikin tiyo ko a matse shi da fulaya ko a mayar da shi a murɗe, wallahi wannan sakacin yana ɓata min rai.

In kuma an kwance nipul tayar tana nan a riƙe, toh kalifar ce. Ko fistin ya yi tsatsa ba ya komawa, ko fil ɗin da take zamewa a kai sun bushe, ko pad ɗin ya matse a mazauninsa. A wanke fil ɗin a sa giris na birki, giris ɗin gama-gari kumbura roba yake.

Da a ce duk ƙafafun ne, da sai mu duba masta, wato famfon da yake tura man birki zuwa ƙafafun, ko kuma mu ga ko an cika mai ya wuce layin MAX. Boris, wato bearing ɗin da taya take juyawa a kai, shi ma yana kawo zafi amma shi da gurnani yake zuwa. Sannan don Allah kar ka watsa wa diski ruwa yana da zafi, lanƙwashewa zai yi, ka bar shi ya huce da kansa, in an gama gyaran kuma a zubar da man birkin a zuba sabo tunda ya riga ya dahu.