Lezata ta ƙi mutuwa, kuma haskenta ba ya raguwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sa kiɗa a wuraren biki a ƙauyukan Ringim. Na sayi leza shuɗiya mai wat 1 da ɗan allonta da ake kira direba, na haɗa da na'urar zana hotuna da hasken leza mai soket ɗin ILDA, irin soket ɗin da na'urorin wasan leza ke amfani da shi. Da na ba ta wuta sai ta kama, ba ta mutuwa tsakanin zane da zane, kuma haskenta ba ya raguwa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsala biyu ka kawo, ɗaya ta waya ce, ɗaya kuma ta irin allon da ka saya.

Dubi allon, bakuna uku ne. Akwai na wutar bolt 12, akwai mai zuwa ga lezar, sai ƙarami da aka rubuta wa TTL da GND, wato TTL wajen shigar wayar umarni, GND kuma wajen komawar wuta. Wannan ƙaramin ba abinci yake karɓa ba, umarni yake jira, daga sifili zuwa bolt 5. Kada ka kuskura ka kai masa 12. Allunan nan masu araha da yawansu idan bakin bai ji komai ba sai su ɗauka an ce su kunna, shi ya sa taka ta ƙi mutuwa. Galibi mutum ya ja wayar umarni ne kaɗai ya bar ta GND, ita kuwa wuta sai da hanyar komawa.

A soket ɗin ILDA mai ƙafa 25, shuɗi yana ƙafa ta 7, abokiyarta ta 20, ta 25 kuma ita ce GND. Kafin ka liƙa komai ɗauko mitar awon wuta. Sa na'urar ta ba da shuɗi cikakke, ka auna tsakanin 20 da 25. In ka ga sifili, ka huta: 7 ta tafi TTL, 20 ta tafi GND. In kuwa ka ga kusan bolt biyu da rabi ƙasa da sifili, na'urarka raba umarnin take yi gida biyu, sai ka sa ƙaramin allon da ke haɗe su a tsakani, in ba haka ba rabin umarnin kawai zai kai ga direban. Sannan ka liƙa rizisto, ɗan abin da ke taƙaita gudun wuta, mai 10k tsakanin TTL da GND, ka zare wayar umarni ka gani. Dole lezar ta mutu. In ba ta mutu ba, sauko zuwa 1k. Ina nacewa a kan wannan ne saboda a filin biki yaro na iya taka waya ta fita.

Batun rage haske kuwa, TTL kunnawa da kashewa kawai ya sani. Sai ka nemi direba mai karɓar analog, wanda haskensa ke bin hawan bolt ɗin.

Abin da ya fi kashe leza a wajenmu shi ne hunturu. Wannan 'yar wutar da ke tsattsarge ka in ka taɓa ƙarfe lokacin bushewar iska ta isa ta ƙona ta, don haka taɓa ƙarfen da aka jona da ƙasa kafin ka kama wayoyinta, kuma kada ka cire ko ka jona ta alhali allon na da wuta. Batirin sola ma yakan haura bolt 14 yayin caji, alhali allon bolt 12 yake so, sa abin daidaita wuta a gabansa.

Wat 1 ba abin wasa ba ne, duk abin da ya wuce rabin wat yana aji na 4, mafi haɗari. Kafin ƙiftawa ya ɓata ido, kuma ba ya gyaruwa. Sa tabarau na musamman na shuɗin leza lokacin gwaji, baƙin gilashin rana ba ya karewa. A wurin taro ɗaga hasken aƙalla mita 3 daga ƙasa, ya ƙare a jikin bango, ba sama inda jirgi ke bi ba. Ka kuma sa makunnin kashewa kusa da hannunka.